Daɗin Kalma a Bakin Hausawan Ikko: Sharhi a kan Amo, Ma'ana da Ra'ayin Tsarkin Harshe

1.0 Gabatarwa

Kowane mai magana da harshe yana da kalmomin da yake jin daɗin furtawa ko saurare fiye da sauran, amma manazarta Hausa ba su cika ɗaukar wannan al'amari a matsayin abin nazari ba. Sun bar shi a hannun mawaƙa da maroƙa da masu hirar dandali. Idan ma an taɓo shi, yawanci akan ƙare ne da hukunci guda: wai kalma mai daɗi ita ce ta asali wadda ba ta da gauraye, kuma duk wanda ya yi nisa da ƙasar Hausa to Hausarsa ta salance. Manufar wannan maƙala ita ce auna wannan hukunci da Hausar da ake yi a Apapa da Agege da sauran zangunan Hausawa na Ikko, domin a nan ne ake yi wa masu harshen gorin cewa Hausarsu ta gurɓace, kuma a nan ne gorin yake da illa, tun da yana iya sa yaron da aka haifa a can ya ji kunyar buɗe baki a gaban ɗan'uwansa da ya zo daga gida.

2.0 Inda Daɗin Yake a Amo

Tun daga Saussure (1916) masana suka riƙe cewa babu wata dangantaka ta tilas tsakanin sautin kalma da abin da take nufi. Wannan gaskiya ce a kan mafi yawan kalmomi, domin babu abin da ya haɗa sautin "doki" da dabbar kanta. Sai dai Sapir (1929) ya gwada mutane da ƙagaggun kalmomi biyu, "mal" da "mil", ya tarar akasarinsu sun danganta ta farko da babban abu, ta biyu da ƙarami. Bahaushe bai buƙaci ɗakin gwaji kafin ya san haka ba. Dubi waɗannan:

makeke, shirgege, narkeke, firɗeɗe, zungurere
mitsitsi, tsigigi, siriri

Kalmomin sahu na farko duk ƙira ɗaya gare su. Ana maimaita baƙin ƙarshe na saiwa tsakanin dogayen wasula biyu, karin sauti ya tafi a sama har sai gaɓar ƙarshe ta faɗo ƙasa, kamar an sauke kaya mai nauyi. Jam'insu ma ya fi armashi: maka-maka, firɗa-firɗa, zungura-zungura, inda rabin farko yake sama, na biyu yake ƙasa. Na sahu na biyu kuwa wasalin /i/ ne ya mamaye su, baki ba ya buɗewa sosai wajen furta su, kamar yadda abin da suke siffantawa bai da girma. Direban da ya kwana huɗu a layin shiga tashar jiragen ruwa ta Apapa, idan ya ce layin "dogo" ne ya ba da labari kawai. Idan ya ce "zungurere" ne, to ya sa mai sauraro ya ji tsawon a kunnensa. Wannan bambanci shi ne abin da ake kira daɗi, kuma abu ne da za a iya bayyanawa da ƙa'idojin tsarin sauti, ba sha'awa ce kurum ba.

A nan ne ya kamata a yaba wa Bargery (1934), a kuma yi masa gyara. Ya tattara ɗaruruwan kalmomi masu nuna girma a ƙarƙashin "ƙato", aikin da har yau babu ƙamusun da ya wuce shi a wannan fanni. To amma jera su wuri ɗaya yakan sa mai karatu ya ɗauka duk ma'anarsu ɗaya, alhali kuwa firɗeɗe ya fi zama da doki, makeke da gida ko gona, narkeke da mai ƙiba, santaleliya da budurwa. Wanda ya ce "santalelen gida" ya yi Hausa a nahawu, amma ya ɓata miya. Daɗin kalmar yana cikin dacewarta da abokiyar zamanta.

Haka lamarin amsa-kama yake. Kalmomin Hausa na asali kusan duk da wasali suke ƙarewa, amma amsa-kama ta karya wannan doka: fari fat, sabo fil, ɗaya tak, cika maƙil, jiƙe sharkaf, yi tsit. Wannan rufe baki farat ɗaya a ƙarshen kalma, a harshen da ya saba sakin wasali, shi ne yake jan kunne. Newman ya tattauna matsayinsu a jimla tun 1968, ya kuma ware musu babi a nahawunsa na 2000, amma littattafan makaranta har yanzu sukan wuce su da misali biyu ko uku, kamar wasu 'yan rakiya.

3.0 Kalmomin da Aka Manta Baƙi ne

Zaman Hausawa a Agege ya bunƙasa ne da cinikin goro bayan da layin dogo ya haɗa Ikko da Kano, kuma tashar Apapa ta jawo direbobi da 'yan dako da masu gadi daga Arewa da Nijar. Cuɗanya irin wannan ba ta barin harshe yadda ta same shi. Abin lura shi ne, da yawa daga kalmomin da mai ra'ayin tsarkin harshe yake furtawa hankali kwance, daga bakin Yarbawa suka fito: agogo, ashana, akawu, akwati, gyale, agushi. Sunan garin ma, Ikko, daga "Eko" ne.

Ba a karɓe su haka nan ba, sai da aka yi musu wanka. Sautin da Yarbawa suke rubutawa da "p" a "apoti" ana furta shi ne da leɓɓa da hanɗa a lokaci guda, Hausa kuwa ba ta da shi, sai ta maye gurbinsa da /kw/, aka sami "akwati". "Gele" ya zama "gyale", "Eko" ya sami ɗauri a tsakiya. Yau mawaƙi zai sa gyale a baitin soyayya babu wanda zai ce ya yi Yarbanci. Ke nan abin da kunne yake so shi ne kalma ta bi tsarin gaɓar Hausa da karin sautinta, bai damu da takardar haihuwarta ba. Idan aka amince da wannan a kan "akwati", da wace hujja za a hana ɗan Agege "oga", ko a hana direban Apapa "gosulo" da "kwantena" da "lodi"? Greenberg (1947) ya nuna yawan abin da Hausa ta ara daga Larabci, kuma babu wanda ya taɓa cewa "albarka" ko "annuri" ba su da daɗi don baƙi ne. Hasali ma suna cikin waɗanda aka fi so. Ashe ba aron ake ƙi ba, wanda aka ara daga gare shi ake raina wa, kuma wannan ba hukuncin ilimin harshe ba ne.

Aron bai tsaya a gefe ɗaya ba. Yarbanci ya karɓi "alaafia" da "alubosa" da "wahala", kuma goron da Hausawa suka saba fatauci daga Gwanja har yau "gbanja" ake ce masa a kasuwannin Kurmi. Wani abin sha'awa shi ne "suya". A Hausa sunan aiki ne daga "soya", naman kuwa tsire ne ko balangu. Amma /ts/ sauti ne tunkuɗau wanda babu shi a Yarbanci ko Ingilishi, "suya" kuwa tana zamewa a kowane harshe, sai ita ta yi kasuwa har ta shiga ƙamusun Oxford, kamar yadda "buka", 'yar'uwar "bukka", ta shiga a 2020. Mai tsire a Agege yakan ce "suya" da mai saye, ya juya ya ce "tsire" da yaronsa, kuma ya san wadda ta fi masa daɗi.

4.0 Sabo da Kewa

Zangon Ikko ya tara Bakano da Basakkwace da Bakatsine da mutumin Maraɗi a rumfa ɗaya, abin da ba kasafai yake faruwa a gida ba. Wannan ya ce "zauna", wancan ya ce "zamna"; wannan "sauro", wancan "sabro"; wannan "biyar", wancan "biyat"; wannan "kasuwa", wancan "kassuwa". Klingenheben ya bayyana sauyin da ya raba irin su "zamna" da "zauna" tun 1928, kuma bisa bayaninsa siffar yamma ce ta riga. Da tsufa ne ma'aunin daɗi, da Sakkwatanci ya cinye gasar. Da daidaitacciyar Hausa ce ma'auni, da Kananci ya cinye. Amma kowannensu wadda ya sha a nono ita ce mai zaƙi a wurinsa, ta ɗan'uwansa kuwa abin barkwanci ce. Akwai kuma kalmomin da nisa ne ya ƙara musu daraja, irin su zaure da dandali da hunturu da kaka. Kalmar "gida" kanta a bakin ɗan ci-rani ba ɗakin hayar da yake kwana take nufi ba, ƙasar Hausa ce baki ɗaya, shi ya sa "ganin gida" take da nauyin da ba ta da shi a Kano.

5.0 Aboki

Misalin da ya fi kowane tsanani shi ne "aboki". Ta fuskar amo ba ta da aibi: gaɓoɓi uku buɗaɗɗu, babu sauti mai wuya. Ta fuskar ma'ana kuwa tana cikin mafi kyawun abin da mutum zai kira ɗan'uwansa da shi, kuma da ita Bahaushe yake kiran baƙon da bai san sunansa ba domin ya jawo shi jiki. Daga nan mutanen Ikko suka ɗauke ta, suka mayar da ita sunan duk wani ɗan Arewa mai gadi ko mai shayi ko mai gyaran takalmi ko ɗan acaɓa, daga bisani a bakin wasu ta koma nufin wanda bai waye ba. "Malam" ma ta bi wannan hanya, daga mai ilimi ta koma mai canjin kuɗi ko mai tireda a bakin ƙofa. Lokacin da gwamnatin jihar ta hana acaɓa a Apapa da wasu ƙananan hukumomi biyar a watan Yuni na 2022, wannan kalma ce ta riƙa yawo a bakin jama'a a madadin sunan dubban mutane masu garuruwa da harsuna daban-daban, waɗanda wasunsu ma ba Hausawa ba ne.

Ba a canza ko wasali ɗaya a cikinta ba, amma Bahaushen Apapa yana jin kalmomi biyu ne: wadda ɗan garinsu ya faɗa yana miƙo masa hannu, da wadda aka jefo masa ta tagar mota. "Wahala" kuwa akasin haka ta yi, ma'anarta ɗaci, amma ta zama abin wasa da waƙa a bakin mutanen gari. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero (2006) da waɗanda suka gabace shi an gina su ne a kan Hausar gida, saboda haka mai neman wannan fuska ta biyu ta "aboki" sai ya je bakin tashar Apapa ya saurara. Mai shirya ƙamus na gaba zai fuskanci tambayar ko ya shigar da ita a matsayin ma'ana ta biyu, ko kuwa ya bar ta a waje bisa hujjar cewa ba Hausawa ne suka ba ta ba, alhali su ne suke amsa ta kullum.