Mun karanta "Alhaki Kuykuyo Ne"

Ƴar'uwa mai karatu, tun da yanzu kin iya haɗa baƙi, ga wani littafi da ya kamata ki nema. Sunansa "Alhaki Kuykuyo Ne". Kuykuyo shi ne ɗan kare. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta Kano ta rubuta shi, ya fito a 1990. Ita ma tana ƙarama aka fid da ita daga lakkol aka yi mata aure. A ajin manya irin namu ta ci gaba da karatu.

Ga labarin a taƙaice. Rabi matar Alhaji Abdu ce, ɗan kasuwa a Kano. Ƴaƴansu tara. Yana da kuɗi, amma cefanen da yake bayarwa ba ya isa. Ya auro wata mai suna Delu, rigima ta tashi, ya kori Rabi da ƴaƴanta. Rabi ta kama sayar da abinci, ta riƙe yaran. Daga baya wuta ta cinye shagon Alhaji, ya tsiyace.

Marubuciyar ta yi gaskiya a nan: cutar miji ba duka kaɗai ba ce. Hana abinci cuta ne, wulaƙanci gaban yara cuta ne. Da muka karanta wannan wuri a aji, wata tsohuwa ta ce ai wannan gidan ta san shi, a unguwarsu yake.

Amma ina da ƙorafi biyu. Na farko, sauƙin da Rabi ta samu har da sa'a a ciki, don ɗiyarta Saudatu ta auri mai kuɗi. Mata nawa ne a Gaya ke da suruki mai kuɗi? Na biyu, a ƙarshe an matsa ma Rabi ta karɓi mijin da ya watsar da ita. Haka ake yi a garuruwanmu, na sani. Duk da haka raina bai so ba.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne, kora ta sami Rabi ba shiri. Littafin ya nuna yadda mace ke tashi bayan ta faɗi, bai nuna abin da za ta tanada tun tana ɗaki ba. To, ke da ake duka ko ake yi wa barazana, kada ki jira wannan rana.

Ki san gidan da za ki in dare ya ɓaci, ki gaya wa mai gidan tun yanzu. Yaji al'adarmu ce, amma in an zo biko iyaye kan ce a yi haƙuri, a maida ke. Saboda haka zaɓi wanda zai saurare ki, ko gwaggo ce ko yaya. Katinki na ɗan ƙasa da takardun haihuwar yara, ki aje su wurin aminiya, tare da ɗan kuɗin adashe. Mu nan bakin iyaka muke. Wata danginta na Kamba, wata na Malanbil. A 2023 an rufe gadar kogi, mutane suka koma ƙetarewa da jirgin ruwa. Ki samu wurin sauka a wannan gefe kuma.

In faɗa ya tashi, ki nisanci madafa, inda wuƙa da taɓarya suke, ki matsa kusa da ƙofa. Ku shirya wata alama da maƙwabciya, ko kalma ko bugun bango. Lambar wayarta ki haddace, don waya ana ƙwace ta. Lambar ƴan sanda 17 ce. In an ji miki rauni, je gidan likita ki karɓo takarda. Dokar Nijar tana hukunta duka da rauni, kuma wannan takarda ce shaidarki wurin jandarma ko gidan shari'a. Kada ki gaya wa mai dukanki ranar tafiyarki, don lokacin fita ya fi kowane lokaci haɗari.

Hausar littafin ta Kano ce, za ki ci karo da kalmomin da ba mu faɗi a Dandi. Ki ja layi ƙarƙashinsu, ki kawo aji mu duba tare.