Tsiraicin Titi Da Tsiraicin Takarda

Ba tun yau ba ake tafka muhawara a ƙasashen Turawa a kan ko ya kamata doka ta ƙyale mutum ya fita bainar jama'a tsirara. A Jamus da Faransa akwai bakin ruwa da aka keɓe wa masu wannan ra'ayi. A Ingila dokar 2003 ta ɗora laifin a kan niyya, wato sai in mutum ya tuɓe don ya firgita wani ko ya tayar masa da hankali. Birnin San Faransisko na Amurka kuwa ya daɗe yana kawar da kai, amma a 2012 ya gaji ya hana.

Mu a nan an rufe wannan babi tun da daɗewa. Dokar Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta tanadi hukunci ga wanda ya aikata abin batsa a bainar jama'a. A ranar 27 ga Oktoba, 1999, Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau, ta fara aiki a Janairun 2000. Tun kafin duk wannan, yaro ɗan makarantar zaure ya san al'aurar namiji daga cibiya ce zuwa gwiwa, Bahaushe kuma ya riga ya ce da tsirara gara baƙin bante. Don haka ni ma amsata a'a ce. Titi na kowa ne, wanda ya tuɓe a kansa ya tilasta wa idon da bai nemi gani ba.

To, abin da ya shafe mu, mu marubuta, shi ne tambayar da ke biye: in doka ta hana tsiraici a titi, mene ne matsayinsa a kan takarda? A nan nake ganin mun yi kuskure iri biyu, kuma kowanne ya cuci adabinmu.

Kuskure na farko na masu tuɓe taurarinsu ne don neman kasuwa. Na sha karɓar rubutun ɗalibai da ke sha'awar ƙagaggen labari. Wani yaro ya taɓa kawo mini labarinsa, na tarar ya cinye shafi biyu cur yana siffanta jikin budurwar, tun daga gashi har tafin ƙafa. Na tambaye shi me yarinyar take so a rayuwa, me take tsoro, sai ya yi shiru. Ya san ƙirarta, bai san ta ba. Irin wannan rubutu ne ya cika wayoyin 'ya'yanmu yanzu ta WhatsApp da Wattpad. Gwajinsa mai sauƙi ne: cire wurin, ka sake karantawa. In labarin bai rasa komai ba, wurin bai da aiki sai tayar da sha'awa, marubucin kuma ya zama ɗan leƙen asiri ta katangar banɗaki.

Kuskure na biyu na masu tsoro ne da masu tsoratarwa. Tun muhawarar "Adabin Kasuwar Kano" da Malam Ibrahim Malumfashi ya tayar a farkon shekarun 1990, wadda irin su Abdalla Uba Adamu da Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu suka shiga, ake ta zargin littattafan soyayya da ɓata tarbiyya. An kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Kano a 2001. A 2007 aka ƙona littattafan Hausa a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, a 2008 kuma aka nemi marubuta su yi rajista. Wuta ba ta karatu, ba ta bambance littafin da ya faɗi gaskiya mai ɗaci da wanda ya sayar da batsa. Sakamakon haka sai wasu matasa suka ɗauka marubucin kirki shi ne wanda ba ya taɓa maganar karuwanci ko fyaɗe ko hauka.

Alhali kuwa duk wanda ya ci kasuwar Talata Mafara ranar Talata ya san wane ne ke yawo ba sutura a ƙasarmu. Mahaukaci ne da danginsa suka gaza, da almajirin da rigarsa ta mutu a jikinsa, da macen da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Maradun da Bakura da zanen da ke ƙugunta kaɗai. Babu ɗayansu da ke neman 'yancin tuɓewa, doka kuma ba ta ɗinka musu riga. Wannan shi ne tsiraicin da ke jiran alƙalaminmu, ga shi mun fi kowa kawar da kai daga gare shi. A ɗaya gefen, ɗan dambe na shiga fili daga shi sai warki ko gajeren wando, masunci a madatsar Bakolori haka, ba wanda ya ce sun yi batsa. Ashe al'adarmu ma tana duba wuri da dalili.

Muna da abin koyi a tarihin wannan yanki. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara, ya zauna a Faru, wadda ke cikin ƙaramar hukumar Maradun a yau. A wannan tafiya ne wani malamin Barno, Mustafa Gwani, ya soki yadda mata ke halartar majalisin tare da maza. Shehu ya sa ƙaninsa Abdullahi ya ba shi amsa, kamar yadda ya zo a Tazyinul Waraƙat, cewa barin matan cikin jahilci ya fi wannan muni, kuma ana ture babbar ɓarna da ƙarama. Ba wanda zai ce Shehu ya yi sakaci da sutura, amma bai yarda a fake da kunya a bar mutane cikin duhu ba.

A cikin ƙagaggun labaranmu, dubi Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Alhaji Abdu ya auro karuwa, Delu, ya kori uwargidansa Rabi da 'ya'yanta, ta koma sayar da abinci don ta riƙe su. Marubuciyar ta tone asirin irin wannan magidanci sarai, har mai karatu ya ji kunya a madadinsa, kuma ba jikin Delu ne ya riƙe littafin ba. Zaluncin ne aka tuɓe. Wannan ita ce ƙwarewa, kuma harshenmu ya tanadar mana kayan aikinta: sakaya zance, habaici, karin magana. In Bahaushe ya ce "ya san ta 'ya mace" ko "sun sadu", ya gama magana, babba ya gane, yaro ya wuce.

Shawarata ga 'yan'uwa masu tasowa ita ce, kafin ka cire wa tauraronka riga ka tambayi kanka wa za ta amfana. In don mai karatu ya ji zafin abin da aka yi wa wannan bawan Allah ne, rubuta, ka sakaya abin da ya kamata a sakaya. In kuwa don littafi ya ƙare a kasuwa ne, ajiye alƙalamin ka sake tunani. Ga ƙungiyarmu kuma, gara mu riƙa karanta rubutun junanmu muna gyarawa tun yana hannu, kafin wani ya zo mana da ashana. Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin.