Keita, sai wanda ya gani!

Duk wanda ya ce babu abin kallo a Adar sai dutse da iska, wallahi bai taɓa hawa tudun Keita a ƙarshen damina ba. Tsaya can sama ka leƙa kwari: ga tabki yana sheƙi, ga gero ya yi kai, ga bagaruwa ta rufe gangaren da a da ko akuya ba ta samun abin tsinka. Kai ka rantse ba nan ne fari ya ƙone ƙurmus a 1984 ba, shekarar yunwar da mutane ke kira El-Buhari.

A shekarar ce, zamanin shugaba Seyni Kunce, aka buɗe furojen Keita da kuɗin Italiya da hannun hukumar noma ta FAO, hukumar abinci ta PAM kuma tana biyan ma'aikata da abinci. To su wa suka yi aikin? Mata! Maza da yawa sun tafi biɗa Najeriya da Abijan, sai iyayenmu mata suka ɗaura ɗamara, suna ɗaukar duwatsu a ka cikin rana tsaka, suna jera su a gicciye don ruwan sama ya dakata ya shiga ƙasa. Aka haƙa ramuka a jikin tsauni, aka datse ƙoramu da baraji, aka dasa itatuwa miliyoyi. Fako ya koma gona. Jerin duwatsun nan, in ka tambaye ni, sun fi kowane gini a jihar Tawa cancantar a kai baƙo ya gani.

Garin kuma ba na jiya ba ne. Sarautarsa ta Lisawan ce, Buzayen da tarihinsu ke ɗaure da Sarkin Agadas, ga Adarawa manoma kewaye da su. Tamaske na nan kusa, garin ƴan kasuwa da ba su san nisa ba.

Kar mutanen Buza su ce na manta da su: layukan dogon yaro da aka fara dasawa a kwarin Majiya a 1975 tare da ƙungiyar CARE, don kare gero daga iska, su ma abin a tafa musu ne. Madawa na da albasarta ta kwarin Tarka, ba na musu. Amma in kwana ɗaya tak kake da shi, ɗan'uwa, daga tashar Tawa ka nemi motar Keita.