Matar da ta auna tuwon ƙauye

Yau za mu duba aikin wata mata Ba'amurkiya, sunanta Emmy Simmons. Ta yi karatun tattalin arzikin noma a jami'ar Kwanel ta Amurka. Daga baya ta zo Samaru, kusa da Zariya, cikin Najeriya.

Daga watan Mayu na 1970 zuwa watan Yuli na 1971, ta bi gidajen ƙauyuka 3 na ƙasar Zariya. Sauran masana suna ƙidayar damman da suka shiga rumbu. Ita kuwa ta nemi sanin abin da ke shiga tukunya, da abin da ake saye, rani da damina.

Nan ta ga abin da aka daɗe ana mantawa. Matan da ke cikin kulle ba zaune suke ba. Suna dama fura, suna toya ƙosai, suna matsar man gyaɗa, suna yin ƙuli-ƙuli. Yara suna kai talla. Kuɗin da aka samu na mace ne, nata na kanta. A 1975 ta rubuta bayani a kan wannan sana'a. Bayan haka ta yi shekaru kusan 30 a hukumar taimakon ƙasashen waje ta Amurka, har ta riƙe sashen noma da ciniki daga 2002 zuwa 2005.

Mun yaba mata, don ta ba aikin mata daraja. Amma akwai gyara guda 2.

Na farko, da Turanci aka buga aikin. Matan da aka auna tukunyarsu, wace ce cikinsu ta karanta shi? An ɗebi sani a ƙauye, an kai birni, mai shi bai sha ko romo ba.

Na biyu, Zariya ba Tawa ba ce. Can ruwan sama ya fi yawa, dawa ce babbar cimarsu. Mu hatsi muke ci. Kuma an yi awon kafin yunwar 1973 da 1974. Saboda haka kada wani ya ɗauki lissafin can ya ce shi ne namu.

To, yanzu kun iya rubutu da lissafi. Ku samu kaye guda. Ku rubuta damman da kuka sa a rumbu, da tiya nawa ake ci kowace rana. Uwar gida ta rubuta abin da ta kashe wajen ƙosai, da abin da ya dawo mata. Ku lura da kwanon yaron da aka yaye, ko wake da ganye suna shiga ciki.

Wanda ya san ranar da rumbunsa zai ƙare ba zai sayar da hatsi da kaka a banza ba, ya koma ya saye shi da tsada lokacin noma. Ku fara tun kakar bana.