Ina Iyakar Ƙaramin Jarumi a Dungeons & Dragons?

Tun da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka a 1974, masu wasan ke musu kan wane jarumi ne ƙarami, wane ne ya ƙasaita. Wasa ne na zama a kewaye tebur. Mutum huɗu ko biyar kowa ya ɗauki jarumi guda, mayaƙi ko matsafi ko ɓarawo, wani kuma ya zama jagora mai jan labari. Idan jarumi ya yi niyyar wani abu, sai a jefa dayis a ga ko ya dace. Duk wuyar da ya tsallake ana ba shi maki, makin su riƙa hawa da shi mataki-mataki.

Lambar matakin kaɗai ba ta raba wannan gardama, domin tsanin kansa ya sha canzawa. Jerin akwatunan wasan da Frank Mentzer ya fara tsarawa a 1983 ya kai mataki na 36. Bugu na huɗu, na 2008, ya tsaya a 30, na biyar kuma, na 2014, ya tsaya a 20. Ke nan mataki na 10 rabin tafiya ne a wani littafin, a wani kuwa ko sulusi bai kai ba. A tsohon tsari ma, mayaƙin da ya taka mataki na 9 ya isa ya gina ganuwarsa, ya tara dakaru, ya zama mai ƙasa.

A ganina ma'aunin gaskiya shi ne abin da ke iya tare wa jarumi hanya. Duba matsafin mataki na 1 a bugu na biyar. Makin ransa shida ne, ko sama da haka kaɗan. Ɗan dodon nan da ake kira goblin, ɗaya daga cikin masu arha a abokan gaba, saransa ɗaya na iya cin maki takwas. Shi ya sa a wannan matakin za ka ga 'yan wasa sun sunkuya kan takardunsu suna ƙirga kibau, suna tambayar wa ke riƙe da igiya, wa zai yi gadin dare. Kogin da ya cika ya isa ya cinye zaman yamma guda ana shawarar yadda za a haye. Tsoro ne ke riƙe da labarin, kuma tsoron nan ne daɗinsa.

A mataki na 5 komai ke juyawa. Mayaƙi ya fara sara biyu a zagaye guda. Matsafi ya sami dunƙulen wutar da ake jefa wa dayis takwas, ya kuma iya tashi sama, don haka kogi da katanga sun tashi daga aiki. Mai warkarwa na iya dawo da abokin da ya mutu, muddin bai wuce minti ɗaya ba. Littafin bugu na biyar ya raba matakansa gida huɗu, 1 zuwa 4, 5 zuwa 10, 11 zuwa 16, sai 17 zuwa 20, kuma a yankan farko ya yi daidai ƙwarai.

A yankan sama ne nake da ja. Babban mataki yana farawa tun kafin 17. A mataki na 9 ana tayar da wanda ya kwana goma a mace. A na 13 matsafi kan ɗauke tawaga gaba ɗaya zuwa wata nahiya cikin ƙiftawar ido. Mutuwa da nisa, ginshiƙai biyu na kowane labarin tafiya, sun zama abin sasantawa. Jagoran da ya kwana yana zana hanyar hamada sai ya ga an tsallake ta da kalma ɗaya. Dole ya koma ga rikicin sarauta, da cin amana, da zaɓin da sihiri ba ya warwarewa, kuma ba kowane jagora ke da wannan hannun ba.

Masu tsara wasannin sun san haka. Littafin Curse of Strahd na 2016 ya ƙare a mataki na 10. Wasan kwamfuta na Baldur's Gate 3, wanda kamfanin Larian ya gina kan dokokin bugu na biyar a 2023, ya tsaya a 12. Wasu masoya bugu na uku ma sun ƙirƙiro tsarin E6, inda jarumi ba ya wuce mataki na 6. Ga kuma tsawon hanya: maki 300 ke kai mutum mataki na 2, amma na 20 sai da 355,000, tafiyar da ƙungiyoyi da yawa kan watse kafin su kammala.

Saboda haka hukuncina shi ne, 1 zuwa 4 ƙaramin mataki ne, babba kuma ya fara daga 11, ko ma 9 idan masu sihiri sun yi yawa a tawaga. Mai shirin jagorantar wasa, ka zauna da abokanka tun ranar farko ku yanke inda tsaninku zai tsaya, kafin kowa ya taɓa dayis.