Nok: Ƙauyen da Sunansa Ya Riga Shi Zagaya Duniya

A ƙasar Jaba, kusa da Kwoi, tsakanin duwatsu da gonakin citta, akwai ɗan ƙauyen al'ummar Ham mai suna Nok. Ɗalibin tarihin Afirka a Zariya ko a Jamus ya san wannan suna tun ajin farko, amma da wuya ya iya faɗin yadda mutanen wurin suke ba da labarin kansu. Tarihin wannan yanki na kudancin Kaduna yana zuwa ta hanyoyi uku: abin da aka tono, abin da tsofaffi ke faɗa, da abin da ake nunawa ranar biki. Matsalar ita ce kowace hanya tana tafiya ita kaɗai.

Ta tono ce ta fi suna. A 1928 masu haƙar kuza a Nok suka ci karo da wani ƙaramin kai na gasasshen yumɓu. Wajen 1943 aka sake samun wani kusa da Jama'a, wanda wani ma'aikacin ma'adinai ya kafa a gonarsa ta doya don korar tsuntsaye. Da kan ya isa hannun Bernard Fagg, jami'in mulkin mallaka mai ilimin kayan tarihi, sai ya lura da kamanninsa da na farko: idanu masu kusurwa uku, ƙwayar ido a huje. Shi ya laƙaba wa al'adar sunan Nok, kuma shi ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952.

Daga 2005 masana na Jami'ar Goethe ta Frankfurt, ƙarƙashin Peter Breunig, suka yi shekaru suna tono, musamman a kewayen Janjala. Bincikensu ya kai farkon al'adar zuwa kusan shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, ya nuna gero ne babban abincin mutanen. A 2021 aka bayyana samun ɓurɓushin kakin zuma a tukwanensu. A Taruga kuwa, can wajen Abuja, tuni aka gano wuraren narkar da tama. Wannan aiki ya cancanci yabo, sai dai yana da iyaka: yumɓu ba ya faɗin harshen wanda ya gina shi, kuma sunan Nok na wurin da aka fara tsintar kayan ne kawai.

Nan ne labarin baka yake da abin cewa. Dattawan Ham suna riƙe da zancen kakanni, da zaman kan duwatsu da kogunan da aka fake cikinsu lokacin hare-haren neman bayi, da asalin dangi da iyakar gonaki. Ba ya kai shekara dubu uku baya, kuma yakan karkata zuwa ga gidan mai ba da shi. Duk da haka shi kaɗai ne ke bayyana dalilin da ya sa wani dutse ko kurmi yake da alfarma.

Biki kuma shi ke tara jama'a. Tuk-Ham a Kwoi, a gaban Kpop Ham, sarkin Ham, da Afan na Kagoro kowace ranar 1 ga Janairu, suna fito da kiɗa da rawa da shigar mafarauta a bainar jama'a. Matasan da suka dawo daga Kaduna da Abuja a nan suke ganin gadonsu da idonsu. Amma jawaban manyan baƙi kan cinye lokaci, waƙar da tsohuwa ta rera kuma ta tafi da iska idan ba a naɗe ta ba.

Wannan rarrabuwa ta jawo asara. A shekarun 1990 masu tonon sata suka warwatsa wurare da dama, kayan suka ɓulla a kasuwannin Turai. A 2000 aka baje wasu gumakan Nok biyu a gidan tarihi na Louvre a Paris, abin da ya tayar da ƙura, har Faransa ta amince a 2002 cewa mallakar Najeriya ne, aka bar mata su aro na shekara 25. Manomin da ba a taɓa zama an bayyana masa darajar abin da garmarsa ta tono ba, shi dillali ya fi samu a sauƙaƙe.

Kayan gyara suna kusa. Akwai Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, akwai reshen Jami'ar Jihar Kaduna a Kafanchan, akwai ƙaramin gidan tarihi a Nok ɗin kanta. Ɗalibai za su iya naɗar muryoyin tsofaffi da harshensu na Hyam, su rubuta sunayen duwatsu da kufai, a ajiye kwafi a ƙauyen, a kuma fassara sakamakon tonon Jamusawa zuwa Hyam da Hausa don makarantun firamare. Wa'adin aron da aka ba Faransa zai cika a 2027, kuma ya kamata a ji ta bakin mutanen Nok kafin a yanke shawarar inda gumakan za su zauna.