Canji Ba Baƙo Ba Ne

Akwai wata ɗabi'a da ta kama wasu marubutanmu da masu fassara, wato duk inda suka ci karo da kalmar "canji" sai su soke ta su sa "sauyi", wai don Turanci ce. Ni kuwa ina ganin wannan gyaran gangar Auzinawa ne. Ga hujjata.

Mai karatu ya leƙa ƙasar Bagudo, musamman Tsamiya, inda hanya ta ƙetara zuwa Segbana ta ƙasar Benin. A bakin 'yan kasuwar iyaka kalmar nan tana ɗauke da aƙalla ma'ana huɗu. Ta farko, ragowar kuɗin mai saye: "Malam, ga canjinka." Ta biyu, ƙananan kuɗi: "Ba ni da canjin dubu." Ta uku, sana'ar musayar naira da sefa, wadda masu ita ake kira 'yan canji. Ta huɗu, farashin musayar kansa: "Yaya canji yau?" To, a cikin huɗun nan wanne "sauyi" zai iya ɗauka? Wanda ya ce wa mai tebur "ba ni sauyina" sai an yi masa dariya.

Tarihi ma ya ƙara mata kaya. A 1973 aka bar fam aka koma naira. A Afrilun 1984 gwamnatin Janar Buhari ta canja launin takardun kuɗi, ta rufe iyakoki, waɗanda ke riƙe da naira a ƙetare suka tafka asara. A 2015 "canji" ta zama kirarin jam'iyyar APC, a farkon 2023 kuma canjin kuɗi ya sa tsaba ta yi wuyar gani. Duk wanda ya ga waɗannan shekaru, kalmar tana tuna masa wani abu da "sauyi" ba ta san shi ba.

Ta fuskar nahawu kuwa, Hausa ta riga ta yi mata riga da wando. Ta fitar da aikatau, canja ko canza, ta yi jam'i, canje-canje, har da salon magana irin "canja sheƙa". Haka muka yi wa "littafi" da "alƙalami" na Larabci, ba wanda ya ce a kore su.

Ban ce a yar da "sauyi" da "musaya" ba, kowace da muhallinta. Abin da nake roƙon 'yan'uwa ɗalibai da malamanmu shi ne, kafin mu yanke wa kalma hukunci, mu saurari masu cin abinci da ita.